Danshi a Ɗakin Ruari

Litinin, 7 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Akwai danshi a ɗakin sama. Yau na gan shi, da na shiga buɗe taga. Yana jikin bangon da bututun hayaƙi ya bi, can kusa da silin. Faɗinsa kamar faranti, launinsa kamar shayin da ya kwana. Na ɗora hannu, sanyi ƙalau. Takardar adon da aka manna a bangon ta fara ɗagowa daga gefe.

Na ɗauko fensir na zagaye tabon, don in ga ko zai ƙaru.

Na gaya wa matata Ishbel da ta dawo daga bakin teku. Ta ce, "Me ya kai ka ɗakin?" Na ce so nake ya sha iska. Ta cire takalmanta ta jera su gaban murhu. Mun daɗe da aure, na san irin shirunta da ba a taɓawa.

Waya ba ta yi ƙara ba.

Talata, 8 ga Oktoba, da safe

An kwana ana ruwa. Tabon ya tsallake layin fensir.

Laraba, 9 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Na hau cikin rufi da tocila. Gwiwata ba ta so ba, amma na hau. Katakon da ya jingina da bututun ya jiƙe, ya yi baƙi, kuma ga sawun ruwa ya gangaro ta jikin duwatsun. Akwai kwalaye a wurin, na kayan makarantar yaronmu. Na janye su gefe inda ya bushe. Ban buɗe ba.

Matsalar ita ce bututun ba namu ba ne mu kaɗai. Gidanmu da na Effie bango ɗaya ya raba mu, bututun kuma a kan bangon ya zauna, rabi namu rabi nasu. Duk wanda zai taɓa shi sai ya taka rufin ɗayan.

Ina can sama na ji takun mutum ta ɓangarensu, yana zuwa yana komawa. Murdo ne, ɗan Effie. Tun ranar da ya dawo da jirgin ruwansu shi kaɗai bai fito waje ba.

Na kashe tocilar na ɗan zauna. Daga baya na sauko.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan abincin rana

Dougal ya zo. Shi ya gyara rabin rufin ƙauyen nan, amma tun da aka yi masa aiki a ƙugu da sanda yake tafiya. Ya tsaya a tsakiyar titi da madubin hangen nesa yana leƙen bututun, motar madara tana yi masa ham yana ɗaga mata hannu wai ta jira.

Ya ce, "Tormod, yaushe rabon da wani ya hau can?"

Na ce, "Kai ne na ƙarshe."

"To ai shi ke nan, ba aikina ba ne ya lalace, tsufa ne. Ni ma ga ni nan ina yoyo ta ko'ina."

Ya ce ɓarayin ruwa a bututu sanannu ne. Ko dalmar da ake naɗewa a gindinsa, inda ya haɗu da rufi, ta ɗaga. Ko simintin da ke kansa ya tsage. Ko kuma ba ruwan sama ba ne sam, gumin ɗaki ne da aka rufe ba iska. Ya ce in manna leda a kan tabon, in liƙe gefenta sosai, in bar ta kwana biyu. In ruwa ya taru a bayan ledar, ta ɓangaren ɗaki, laifin ɗakin ne. In ya taru a ƙarƙashinta, daga cikin bango yake fitowa.

Na ce wa zai hau? Ya ce duk maginan tsibirin nan aiki ya yi musu yawa tun iskar watan jiya, kafin bazara ba wanda zai kalle ni. Sai ya rage murya ya ce, "Ga yaro nan bayan bangonka. Shekara biyu ya yi a hannuna kafin aikin teku ya ɗauke min shi. Hannunsa a dalma ya fi nawa."

Na ce zan nemi wani.

Da zai tafi ya kama hannuna ya fara cewa, "Yaya haƙu..." Na ce masa a ina ake samun ledar mai kauri.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da yamma

Ni kaɗai na je coci. Ishbel ta daina zuwa tun ranar da fasto ya zo gida ya yi mata ta'aziyya, ta tambaye shi wa ya mutu. Effie ta zauna a layin baya, ta fita kafin a tashi.

Da na dawo na tarar da tukunyar romon rago da sha'ir a bakin ƙofa, an rufe ta da tawul. Na san tukunyar. Ishbel ma ta san ta. Ta ce in mayar. Na ɗauka na zagaya da ita rumfar ajiyar da ke bayan gidanmu, na zauna a kan buhun kwal na ci da cokalin da nake juya fenti, bayan na goge shi. Na wanke tukunyar na ajiye a kan katangarsu.

Gishiri ya ɗan yi yawa. Kullum haka Effie take.

Litinin, 14 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Na ɓare ledar. Ruwan a ƙarƙashi yake. Daga sama yake shigowa ke nan.

Ishbel ta tafi bakin teku. Waya ba ta yi ƙara ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da rana

Waya ta yi ƙara. 'Yan sanda ne, sun tsinci rigar ruwa a gaɓar arewa. Na je na duba. Ba tasa ba ce.

Alhamis, da yamma

Ɗan sandan ya raka ni har mota. Ya ce daga wannan makon sun janye masu nema. Na ce na gode da ƙoƙarinsu. Ya tsaya kamar yana jiran in ce wani abu, sai na tambaye shi ko ya san mai gyaran rufi.

Ban gaya wa Ishbel zancen masu nema ba. Ina jin ta sani. Daga inda take tsayawa ana ganin duk jirgin da ya fita.

Asabar, 19 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Ɗakin ya fara wari. Fumfuna ta fito a bayan kabad, har ta kama hannun rigarsa ta zuwa biki. Ina cikin kwaso kayan sai ga Ishbel a bakin ƙofa. Na zaci faɗa za ta yi. Ta karɓi rigar, ta shinshina, ta ce, "Haka zai dawo ya tarar da ɗakinsa?"

Na ce za a gyara.

Ta ce, "Yaushe?"

Shi ya sa bayan ta fita na jawo tsani na jingina. Na hau har bakin indararo. Daga nan ƙafata ta hagu ta fara rawa, ta ƙi tsayawa, na kasa gaba na kasa baya. Ina riƙe da indararon ina kallon gansakukar da ta fito a jikinsa, sai na ji muryar Effie daga lambunta.

"Tormod! Ka haukace ne? Sauko! Da wannan gwiwar taka?"

Ta zagayo da gudu da takalmin ɗaki ta riƙe min tsanin har na dire. Wannan ce maganarmu ta farko tun watan jiya. Ta rame. Ta ce nasu bangon ma ya jiƙe, ta sa bokiti a cikin rufi. Muka tsaya muna kallon bututun, don ya fi sauƙin kallo.

Can ta ce, "Ba ya cin abinci. Ba ya barci. Ya ce zai sayar da jirgin ya bar tsibirin. Ni ba tafiyar ce ke damuna ba." Ta goge hannu a jikin rigarta. "Yanzu ko kanti ba na iya zuwa. Ina tsoron in bar shi shi kaɗai a gida."

Na ce romon ya yi daɗi.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Ruwa da iska. Ban je ko'ina ba.

Litinin, 21 ga Oktoba, da hantsi

Na ƙwanƙwasa ƙofarsu. Effie ta buɗe, ta matsa gefe. Yana zaune a kicin, gemu ya cika masa fuska. Da ya gan ni ya miƙe har kujera ta faɗi.

Wannan yaron a gidana ya koyi tuƙa keke. Shi da yaronmu nake ɗauka a motar makaranta lokacin da nake tuƙi, kujera ɗaya suke zama, kullum sai na tsawata musu.

Ya ce, "Kawu Tormod..."

Na ce, "Bututun nan yana yoyo. Dougal ya ce ko dalma ko siminti. Ni ba na iya hawa. Ina neman mai hawa."

Ya kalli uwarsa, ya kalle ni. Ya ce, "Inna Ishbel ta sani?"

Na ce, "Bututun naku ne ku ma."

Ya ɗaga kujerar ya tsayar da ita. Ya ce in an samu rana ba iska zai duba.

Laraba, 23 ga Oktoba, da dare

Gari ya yi tsit, ba iska. Ya hau, ni na riƙe tsani.

Ban yi tunanin abin da zan ji ba sai da nauyinsa ya sauka a hannuwana ta jikin ƙarfen. Kowane taki ina jinsa. Na riƙe da kyau. Abin da zan iya faɗa ke nan, na riƙe da kyau.

Ya daɗe a sama. Da ya sauko ya yi min bayani yana kallon ƙasa. Dalmar ta ɗaga ta baya, inda ba a gani daga titi, iska ta naɗe ta kamar murfin gwangwani. Simintin kan bututun ya tsage, yatsa yana shiga. Sannan bakin bututun da ya sauka zuwa ɗakin sama cike yake da sheƙar hankaki, kara da ulu da ƙasa, ta sha ruwa ta riƙe kamar soso. Ya tambaya ko an toshe murhun jin ɗumi na ɗakin. Na ce ni na rufe shi da katako shekarun baya, saboda sanyi. Ya ce shi ya sa ba ya bushewa, iska ba ta da hanyar wucewa.

Wato duk ɓarayin Dougal sun haɗu a gidana.

Ishbel ta ga tsanin tun da safe. Ta fita ta ƙofar baya, ba ta dawo ba sai da fitilun titi suka kama.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da safe

Muna shan kunu ta ce, "Ka ɗora shi a kan rufina."

Na ce ba wani mai hawa.

Ta ce, "Kai ka riƙe masa tsani?"

Na ce ni ne.

Ta daɗe tana juya cokali. Ta ce, "Ni da ban iya ba." Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta tashi ta sa rigar ruwa.

Asabar, 26 ga Oktoba, da yamma

Aiki sosai yau. Dougal ya sa jikarsa ta kawo shi da kujerarsa, ya zauna a lambu ya lulluɓe da bargo yana ba da umarni kamar kyaftin.

"Murdo! Dalma ce, ba matarka ba, daina shafa ta, buga!"

"Ba ni da mata, Dougal."

"Ai na ga dalili!"

Na ga kafaɗun yaron sun motsa a can sama. Ban ce dariya ba ce, amma ta yi kusa.

Ya fid da sheƙar da ƙugiya, ta cika buhu biyu, baƙa ƙirin da kunkunniya. Ya kankare tsohon simintin ya yi sabo, ya karkata shi yadda ruwa zai zube waje. Ya sa wa kowane baki hular ƙarfe mai raga, hayaƙi ya fita, ruwa da tsuntsu su tsaya a waje. Sabuwar dalmar ya cusa gefenta cikin tsagar duwatsu ya liƙe. Dougal ya duba da madubinsa ya daɗe, ya ce, "To, ba laifi." A bakin Dougal wannan lambar yabo ce.

Effie ta kawo shayi da burodi mai zabibi. Murdo ya ci yanka biyu a tsaye. Na ga uwarsa tana kallon bakinsa, ta juya baya da sauri tana gyara kofuna.

Saura na ciki. Sai an cire katakon murhun, an kankare filastar da ta jiƙe. Dougal ya ce gishirin kunkunniya ya riga ya shige ta, in an bar ta za ta riƙa jawo danshi ko da ruwa ya daina shiga. Aikin a cikin ɗakin ne.

Litinin, 28 ga Oktoba, da yamma

Ya zo da guduma da kurfi. Ya cire takalmi a ƙasa, ya biyo ni sama. A bakin ƙofar ɗakin ya tsaya. Na shiga, na ja gadon gefe, na shimfiɗa tsohon zane a ƙasa, na juyo, yana nan inda yake. Idonsa na kan hoton da ke kan tebur, su biyu a jirgin ranar da suka saye shi, kowa ya ɗaga ƙaguwa.

Ban ji shigowar Ishbel gidan ba. Sai ganinta na yi a bayansa a kan matakala, da rigar ruwanta.

Ta ce, "Murdo."

Ya juya. Gudumar tana hannunsa, ya rasa inda zai ajiye ta.

Ta ce, "'Yan sanda sun gaya min. Mutanen bincike sun gaya min. Kai ba ka gaya min ba."

Ya zauna a kan matakalar, ita ma ta zauna ƙasa da shi kaɗan. Ni ina cikin ɗakin. Ya faɗa mata tun daga fitarsu da safe. Ba zan rubuta duka ba. Suna sakin tarkunan ƙaguwa ne, shi yana kan sitiyari, igiya tana gudu ta bayan jirgi, ta naɗe wa yaronmu ƙafa. Ya ji ƙara, ya waiga, ba kowa. Ya kashe inji, ya jawo igiyar da hannu har tafinsa ya yage, takalmi kawai ya fito. Ya yi ta zagaye wurin har jirgin ceto ya zo.

Ta ce, "Ka kira shi?"

Ya ce, "Har muryata ta ɗauke, Inna."

Ta ce, "Nuna min hannun."

Ya buɗe. Ni da na yi kwanaki ina miƙa masa kaya ban lura ba. Ta duba ta daɗe, ta ce bai kamata ya taɓa siminti da wannan ba, wane irin sakarci ne. Ta sauka ta ɗauko man shafawa da bandeji.

Ba mu kankare filastar ba yau.

Talata, 29 ga Oktoba, da rana

Mun cire katakon, mun kankare bangon har dutse. Ya sa ƙaramar raga a bakin murhun. Na kunna ashana a gabanta, harshen wutar ya karkata ciki. Iska tana wucewa.

Laraba, 30 ga Oktoba

Ishbel ba ta je bakin teku ba. Ta yi barci har rana ta take.

Asabar, 2 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Kwana biyu ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na hau cikin rufi, katakon bai ƙara jiƙewa ba. Effie ta ce bokitinta a bushe yake. Dougal ya ce kada in kuskura in yi sabuwar filasta yanzu, bangon dutse mai kauri haka sai ya kai bazara yana fitar da abin da ya sha. A bar taga a ɗan buɗe, a bar shi.

Ishbel ta ninke kayan da na kwaso, ta wanke rigar bikin. Ba ta mayar da su kabad ba, ta sa a akwati.

Da Murdo ya zo ɗaukar tsaninsa ta fita ta same shi a lambu. Ina jinsu ta tagar kicin.

Ta ce, "An ce za ka sayar da jirgin."

Ya ce haka ne.

Ta ce, "Kafin ka sayar, ka kai ni wurin."

Ya ce bai taka jirgin ba tun ranar. Ta ce ita ma ba ta taɓa shiga ba, amai take yi ko a jirgin fasinja, sai su yi ta fama tare.

Talata, 5 ga Nuwamba, bayan mun dawo

Teku ta kwanta. Mu huɗu muka fita, da Effie. Murdo ya daɗe yana duba inji, abin da bai buƙaci dubawa ba. Ya sa kowa ya ɗaura rigar ceto, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana jan maɗaurin. Ishbel ba ta yi amai ba.

Na zaci tafiya ce mai nisa. Mun wuce fitilar bakin tasha, mun zagaya dutsen tsuntsaye, sai ya rage gudu ya kashe inji. Ya ce, "Nan ne."

Ruwa ne kawai, kamar ko'ina. Jirgin yana ɗan lilo. Effie ta yi addu'a a hankali. Ni na kira sunansa sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Ruari. Ɗana Ruari ya mutu a nan ranar ashirin da huɗu ga Satumba. Yanzu na rubuta.

Ishbel ba ta kalli ruwan ba sosai. Ta juya tana kallon tudu. Na bi idonta. Ga cocin, ga layin gidajenmu farare a kan gangare, ga namu da na Effie a ƙarshe, sababbin hulunan bututun suna ƙyalli.

Ta ce, "Ashe daga nan ana ganin gida."

Murdo ya ce, "Ana gani, Inna. Kullum sai ya duba ko kin shanya wanki, wai da haka yake sanin ko za a yi ruwa."

Ta yi wata 'yar dariya, ta toshe baki da hannu. Daga nan ta yi kuka, karo na farko a gabana. Muka bar ta. Da ta gama ta share fuska ta ce a gaya wa fasto ya sa ranar addu'ar bankwana.

Murdo ya tayar da inji. Ta ce ya bi a hankali.